Ƙanena Ya Goge Mini Hanyar Dawowa

"Yaya, wallahi ba abin da za a taɓa a manhajar nan sai kin taka da ƙafarki kin ce ya yi." Maganar ƙanena ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Ya faɗe ta yana zaune a falona, da kofin shayina a hannunsa. Na fara da ita ne don ki san ba mafarki na yi ba. Assalamu alaikum, mai wannan fili. Ki taimake ni da shawara, domin a gidanmu duk wanda na buɗe wa baki sai ya ce in yi haƙuri, ni kuwa na ci haƙurin nan har ya fara yi mini ƙwarnafi.

Ni makauniya ce. Na faɗa da bakina don kada ki wahalar da kanki wajen neman kalma mai laushi. Ba da makanta aka haife ni ba. Hawan jinin ido ne ya cinye mini gani a hankali bayan na haura arba'in, lokacin ina aiki a ɗakin karatu na jama'a, inda na yi rabin rayuwata ina jera littattafai, ina kuma karanta su idan ba mutane. Mijina ya rasu kafin idon ya ƙarasa tafiya. Yanzu daga ni sai 'yata, ma'aikaciyar jinya ce, tana fita da sassafe ta dawo ƙafafunta a kumbure. Wasiƙar nan da hannuna na buga ta a kwamfuta, akwai muryar da ke karanta mini duk abin da ke kan allo. In kin ga kuskure, nawa ne, kada ki ɗora wa makanta.

Ƙanen nawa shi ne ƙaramin ɗakinmu, Auta muke ce masa har yau da ya fara furfura. Injiniyan manhaja ne. Da idona ya tafi na zauna a ɗaki kamar kayan da aka ajiye aka manta, shi ne ya ƙi yarda. Ya haɗa mini manhajar da ke nuna hanya da magana. Ina zama a kwamfuta in zaɓi inda za ni, muryar ta karanta mini hanyar tun daga ƙofata har ƙofar can, in saurara har ta zauna mini a kai, sannan in fita da waya a aljihu da abin ji a kunne ɗaya. Abin da ya bambanta ta da taswirar masu ido shi ne alamomi. Taswirar masu ido tana cewa kin iso alhali kina tsaye a tsakiyar titi, da kwata tsakaninki da ƙofa. Tamu kuwa ni nake saka mata abin da sandata da kunnena da hancina suka sani: nan katanga ta ƙare, nan murfin kwalbati yana ƙara idan an taka, nan ƙamshin katakon kafinta, ki rage sauri. Duk ƙarshen mako Auta yakan zo, mu fita, ina gaba yana baya yana rubuta abin da nake faɗa. Yana tsokanata wai na fi kare hanci, ni kuma in ce masa shi da idanunsa biyu ko ramin gabansa ba ya gani. Ban taɓa jin daɗin ɗan'uwa kamar a watannin nan ba.

Ga abin da nake so ki fahimta, don a kansa duk rigimar take. Kowace hanya sau biyu muka rubuta ta, ta zuwa daban, ta dawowa daban. Mai ido yana ɗauka hanyar dawowa ita ce ta zuwa aka juya. Ga makaho ba haka ba ne ko kusa. In ina tafiya katanga tana damata, sandata tana bin ta. In zan dawo ta wannan gefen, rumfar mai walda ce za ta fara gaisawa da goshina, sanda kuwa ƙasa take dubawa, ba ta san abin da ke sama ba. Don haka nake tsallakawa in dawo ta ɗaya gefen, inda alamomin duk wasu ne. Ko a wuri ɗaya ma, abin da ya gargaɗe ki a zuwa ba zai gargaɗe ki a dawowa ba, saboda yanzu yana bayan haɗarin, ba gabansa ba.

Hanyar da ta fi kowace muhimmanci a wurina ita ce ta gidan ƙawata. Tare muka yi aiki, muna ce mata Kamus saboda ba kalmar da za ka jefa mata ta faɗi ƙasa. Shanyewar ɓarin jiki ta same ta, ba ta fita, harshenta ya yi nauyi. Likita ya ce karatu da ƙarfi zai taimaka mata, ni kuma ina da littattafan takarda cike da kabad da ba zan sake ganin harafinsu ba. Sai muka haɗa rashinmu. Ina kai littafi, tana karanta mini a hankali, in ta yi tuntuɓe a kalma in ɗago ta, in marubucin ya yi shirme mu haɗu mu yi masa wankin babban bargo. Ita kaɗai ta rage mini da nake zuwa wurinta ba don a duba lafiyata ba.

To manhajar ta yi suna. Auta ya buɗe kamfani, ya ɗauki ma'aikata, makafi da dama suka shiga amfani da ita, kowa yana saka hanyoyinsa. Na yi murna, har yau ina yi. Zuwan ƙarshen mako ya koma kiran waya, kiran waya ya koma saƙon gaisuwa. Ban yi ƙorafi ba. Da ya fara ɗaukar mutane ne na ji tsoro, na ce masa hannu ya yi yawa a kan abin nan, shi ne ya yi mini waccan rantsuwar.

A watan jiya suka sabunta manhajar ba tare da kowa ya ce mini kanzil ba. Wani daga cikin masu ilimin nasa ya duba ya ga kowane makaho yana da hanya biyu tsakanin wuri ɗaya da wuri ɗaya, ya ce maimaici ne, yana cika wuri yana rikita mutane. Suka bar ta zuwa, suka goge ta dawowa, suka ce na'ura za ta riƙa juya dama ta koma hagu da kanta. Na yi shekaru ina tace littattafai. Ko sabon ɗauka a wurinmu ya san in ka ga littafi biyu masu suna ɗaya, ba ka jefar da ɗaya sai ka buɗe ka ga ko bugu ɗaya ne. Su ba su buɗe ba.

Ranar na tafi gidan Kamus lafiya lau, shi ya sa ban zargi komai ba. Da la'asar na fito, muryar ta hana ni tsallakawa, ta ce in miƙe ta gefen da na zo. Na yi turus. Ƙafata ta ce a'a, amma na ce wataƙila ana aiki ne a ɗaya gefen, manhajar ta san abin da ban sani ba. Ai ta Auta ce. Na tsira daga rumfar mai walda don na tuna da ita da kaina. Can gaba akwai buɗaɗɗiyar kwata, a zuwa tsakuwa nake fara takawa in san na kusa. Muryar ta ce in ci gaba har in ji tsakuwa. Tsakuwar tana ƙetaren kwatar. Sandata ta taɓa iska, jikina ya riga ya bi ta.

Ƙaurina ya tsage, sandata ta karye, ruwan kwata har cikin hannun rigata. Amma ba wannan ne ya fi yi mini ciwo ba. Mutane suka taru a kaina suna tambayar juna, ta waye, wa ya bar ta ta fito, kamar akuya ce ta tsinke igiya. Ina faɗa musu sunan layinmu, ba wanda ke saurare. Cikin kunnena kuma muryar nan tana nan da ladabinta tana ce mini in ci gaba har in ji tsakuwa. Wani makanike ne ya ɗago ni ya kai ni gida, Allah ya saka masa, shi kaɗai ya tambaye ni da kaina ko zan iya takawa.

Auta ya aiko da kwandon kayan marmari da sabuwar sanda, direbansa ya kawo. Da na same shi a waya sai ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma sun gwada sabon tsarin kafin su sake shi. Na ce da wa? Ashe su ne da kansu suka ɗaure idanu da ƙyalle a filin ajiye motocin ofis, wuri shimfiɗaɗɗe kamar faranti, ɗaya yana riƙe da gwiwar hannun ɗaya. Ya faɗa mini haka yana jin ya yi abin kirki! Mutum ya rufe ido na ɗan lokaci ya ce ya san makanta, kamar wanda ya tsallake abincin rana ya ce ya san yunwa. Ya ƙara da cewa ni kaɗai ce na kawo ƙorafi. Na bincika a ƙungiyarmu ta makafi. Akwai wani tsohon malamin makaranta da wata mai saƙa da suka daina fita gaba ɗaya tun da abin ya canza. Ba su yi magana ba, wai kyauta aka ba su, kada a ce ba su da godiya.

Abin da ya ƙarasa ni, bayan mun gama sai ya kira 'yata ya ce mata gara a daina barin Yaya tana fita ita kaɗai. Shi da ya fito da ni daga ɗaki, shi ne ya mayar da ni ya ja ƙofa. Yarinyar kuma da hannunta ta wanke mini ciwon, tana kuka tana cewa, Umma, ki rufa mini asiri. Tun ranar ban taka waje ba. Ina jin ƙarar firij, ina jin maƙwabta suna fita suna dawowa. Kamus tana kira, amma harshenta ba ya fita sosai a waya, ba a jimawa sai ɗayarmu ta kashe. Mai kula da ita ta ce ta daina buɗe littafi.

Yanzu ga inda nake neman shawararki. A ƙarshen watan nan kamfanin zai yi babban taron ƙaddamar da sabon tsarin, da manyan baƙi da 'yan jarida. Auta yana so in hau mumbari in ba da labarin yadda ƙauna ta sa ya yi wa yayarsa ido. An ce hotona ma yana shafinsu, ina murmushi, sanye da baƙin tabarau da ban taɓa mallaka ba. Na ce masa zan zo. Ban faɗa masa abin da zan ce ba. 'Yata ta hango nufina, ta ce in na tona shi a gaban jama'a zumunci ya mutu, kuma shi kaɗai ya rage mini a ɗakinmu. Na san haka. Ni na goya shi. Amma na yanke: in har ranar taron ba a dawo da hanyoyin dawowa ba, zan hau mumbarin nan, in gode wa kowa da kyau, in ɗaga zanena kaɗan su ga tabon, sannan in roƙi ƙanena a gabansu ya ɗaure idonsa ya dawo daga gidan Kamus da manhajarsa. Ki faɗa mini in akwai abin da ya fi wannan. Kada dai ki ce in yi haƙuri.

Tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin karatu

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da ciwo, Allah ya sa kaffara ne. Ba zan ce ki yi haƙuri ba, don ba wurinsa ba ne. Kina da gaskiya. An karya miki alkawari, an goge aikin da kika yi da ƙafarki, kuma da kika faɗi sai aka nemi a gyara ki maimakon a gyara manhajar. Fushinki a kan hanya yake. Shirinki ne nake da ja a kai.

Wa'adin naki ya yi tsawo. Kina maganar ƙarshen wata, alhali yau ɗin nan akwai makafin da ke sa abin nan a kunne suna fita, kuma ba kowa ne zai faɗa kwata ya tashi da tsagewar ƙauri kawai ba. Wani titi zai faɗa. Wannan ba ya jiran taro. Yau ki rubuta wa ƙanenki, a rubuce, ba a waya ba, ki nemi abu biyu. A aika wa duk masu amfani da manhajar gargaɗi cewa kada su dogara da ita wajen dawowa. Sannan ya faɗa miki ƙarara ko tsofaffin hanyoyin suna nan a ajiye. Galibi masu irin wannan aiki suna adana kwafin abu kafin su canza shi, don haka mai yiwuwa abin da kike kuka a kai bai salwanta ba. Ki bayyana masa maganar tsakuwa da kwata kamar yadda kika bayyana mini. Ni mai ido ce, ban taɓa tunanin haka ba sai da na karanta wasiƙarki, kuma na gane nan take.

Kada kuma ki je ke kaɗai. Ya ce ke kaɗai kika yi ƙorafi, to ki cire masa wannan mafaka. Ki yi magana da malamin nan da mai saƙa da shugabannin ƙungiyarku, su sa bakinsu. Ki faɗa musu cewa nuna wa mai kyauta inda kyautarsa ke cutarwa ba rashin godiya ba ne. In ta bakinki kawai ya ji, zai iya cewa rigimar gida ce. In ta bakin ƙungiya ya ji, dole kamfani ya zauna.

Yanzu bari in ce wani abu a madadin Auta, ko ba ki so. Mutumin da ya yi watanni yana bin bayanki da waya a hannu ba mugu ba ne. Ina zargin kunya ce ta kama shi. Abin da ya gina don ya kare yayarsa shi ya jefa ta kwata, bai san da wace fuska zai shigo falonki ba, sai ya aiko direba da kayan marmari ya ɓuya a bayan maganar gwaji. Kiran da ya yi wa 'yarki ma tsoro ne, duk da bai kyauta ba da ya tsallake ki. Wannan bai wanke shi ba. Amma mutumin da kunya ta kama, in kika ƙara masa wata a gaban 'yan jarida, kare kansa zai yi, ma'aikatansa su taya shi, maganar ta koma ta yaya da ƙane, a manta da kwata. Kuma kin ce masa za ki zo ba tare da kin faɗa masa da me za ki zo ba. Wannan kwanton ɓauna ne, bai yi kama da ke ba. Ki faɗa masa tun yanzu: ba za ki hau mumbari ba, kuma a sauke hotonki, har sai an gyara.

Maganar ɗaure masa ido ma ki bar ta. Ke da kanki kika ce wasa ne. Ki gayyace shi da idonsa a buɗe, shi da wanda ya goge hanyoyin, su bi ki a baya daga gidan ƙawarki, wayar tana magana a fili kowa yana ji, har bakin kwatar. Ba sai kin yi jawabi ba. Na kuma lura da yadda kika rubuta labarin fitarku ta ƙarshen mako. Ina ganin ba hanyoyin kaɗai kika yi kewa ba. In ya zo, bayan an gama maganar manhaja, ki faɗa masa wannan ma. Shi ba zai gano da kansa ba.

Game da 'yarki, ki tausaya mata, ita ta ga jinin. Amma zaman ɗaki ba magani ba ne, kuma ita ma'aikaciyar jinya ta san abin da kaɗaici ke yi wa mutum. Ku yi yarjejeniya. A ranar hutunta ta raka ki gidan Kamus, ta tsaya a bayanki ba ta riƙe ki ba, ki bi hanyar dawowarki ta asali kina faɗin alamomin ana ɗauka a waya. Hanyar tana ƙafarki tun kafin ta shiga na'ura, kuma ranar da kika faɗi ma ƙafar ta gargaɗe ki. In ta gani da idonta, hankalinta zai kwanta ya fi duk wata magana. Kada ki jira Auta kafin ki yi wannan. Ƙawarki ba ta cikin rigimar, bai kamata ita ta ɗauki nauyinta ba.

Ga wa'adin da nake ba ki a madadin naki. Gargaɗi ga jama'a, cikin makon nan. Zuwansa bakin kwata, kafin makon gaba ya fita. In ya cika, ki je taron ki faɗi gaskiya duka, da daɗinta da ɗacinta, da saninsa, ki kuma nemi a sa makafi cikin masu gwada duk wani canji nan gaba. In bai cika ba, ku da ƙungiya ku sanar da mambobinku da kanku, ku rubuta wa masu shirya taron dalilin rashin zuwanki, kujerarki ta zauna babu kowa. Bayan haka ki kira shi ki tambayi lafiyar iyalinsa kamar kullum. Kamfanin kika juya wa baya, shi kuwa har gobe ƙanenki ne.

Allah ya ba ki lafiya, ya ba ƙawarki sauƙi, ya daidaita tsakaninki da ɗan'uwanki, ya kai ki ya dawo da ke lafiya duk inda kika nufa.